Zangarniya Ta Takwas

Kankara,
9 ga Oktoba.

Yaya Suwaiba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Badamasi da yara da duk mutanen Damari. Mu nan lafiya lau, sai Inna da gwiwarta da ta hana ta salla a tsaye. Ta ce in gaishe ki da kyau.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wajena, ni da ko barka da salla sai ta waya. Tun da aka ɗauke sabis a yankin nan kowa ya koma neman biro. Rabo direba, mai zuwa Sabuwa ta Funtuwa, ya ce zai riƙa miƙa miki, ke ma in kina da amsa ki ba shi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san tun ina makaranta nake son in haɗa wasan kwamfuta nawa na kaina. Yanzu shagon gyaran waya ya zama majalisa kawai, don ba mai kawo gyaran wayar da ba ta kira, sai na duƙufa a kansa. Ni da Ikhlas muke yi, wata 'yar unguwarmu mai hannun zane. Ita ke zanawa, ni ina sa wa zanen motsi. Wasan ban tsoro ne. Mai wasa yana ratsa daji da 'yar fitila, wani dodo na bin sawunsa, ko dai ya kuɓuce masa ko ya kashe shi. A yadda muka tsara labarin, dodon da can manomi ne, daji ya haɗiye shi ya maida shi haka.

Mun kwana biyu muna gardama. Ikhlas ta ce kada a bar wa dodon komai na ɗan Adam, ko ƙwayar ido, don kada hannun mai wasa ya yi sanyi. Ban ga laifinta ba, bara aka kashe mata wa a hanyar gona. Ni kuma zuciyata ta ƙi, ban san dalili ba, sai shekaranjiya da na zauna ina kallon tafiyar da na yi masa. Yaya Suwaiba, ƙafar hagu yake ja. Daidai yadda Yaya Gide, ƙaninki, yake janta tun da garmar shanu ta faɗo masa. Wallahi ban yi da gangan ba, hannuna ne ya tuna.

Shekara uku ke nan da mutanen daji suka tasa shi gaba daga Ruwan Godiya da kayansu a kansa, shekara biyu kuma da aka fara cewa an gan shi cikinsu da bindiga. Makon jiya Baba Audi ya zo duba Inna. Ya ce tunda shi ne babba a gidan bayan rasuwar Babanku, da an gama girbin dawa zai tara dangi ya sanar an cire Gide daga cikinmu, kada a sake kiran sunansa, gonarsa kuma a ba wani. Kin san abin da wannan yake nufi. Duk ranar da ya fito, ba mai tsaya masa a gaban 'yan sa-kai.

Ke kika fi kowa saninsa, shi ya sa nake tambayarki. Mutumin da daji ya riƙe shekara uku, akwai abin da ke saura a cikinsa, ko duk ya tafi?

Ƙaninki,
Abdulgafar.

Damari,
17 ga Oktoba.

Gafaru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Yara sun yi zazzaɓin ƙarshen damina sun warware. Ka ce wa Inna Allah ya ƙara sauƙi, ta daina wannan wankin da take yi a tsugune.

Takardarka ta iso. Na karanta ta sau biyu, na farko a tsaye, na biyu sai da na zauna don kada in yaga ta.

Sannu da ƙoƙari, malamin kwamfuta. Kai ne fa aka kawo mana Ruwan Godiya kana ɗan tsurut, ka shekara biyu a gidanmu, Gide na saɓa ka a wuya har kasuwar Faskari kana zuba masa majina a ka. Kakanka da kakarmu ne kawai suka haɗa uwa, amma ko sau ɗaya bai taɓa cewa kai ɗan nesa ne ba. Yau ka yi karatu ka waye, ka saka masa da ƙaho da farata don yaran Kankara su riƙa harbinsa suna shewa. Ka ce hannunka ne ya tuna. To me ya sa hannun bai tuna wanda ya koya masa riƙon fartanya ba, sai ɗingishinsa?

Tambayarka kuwa ba zan amsa ba. Ƙanena ba kayan gwajinka ba ne. In dodo kake so, ka je ka tambayi masu tatsuniya.

Maganar Baba Audi, ya tara duk wanda zai tara. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Gide. Ba Baba Audi ne ya raɗa masa suna ba, ba kuma shi zai kankare shi ba. Ni ba na cewa Gide bai yi abin da ake faɗa ba. Cewa nake ban gani ba, kuma duk mai cewa an gan shi, in ka bi diddigi, wani ne ya faɗa masa. Wanda ya gani da idonsa ya zo ya tsaya a gabana ya faɗa. Kafin nan, ko ni kaɗai na rage a dangin, zan kira sunansa safe da yamma, wanda kunnensa bai so ya toshe.

Raina a ɓace yake, Gafaru, ba zan ɓoye maka ba. Amma tunda ka san gona, ga labari mai daɗi guda. Kaurar Babanmu, jar dawar nan da ya gada wajen kakansa, ta yi kyau bana a ɗan filin bayan gidana. Mutanen Ruwan Godiya shekara biyu ba su kai ga gonakin nesa ba, yunwa ta sa sun daka irinsu sun ci. Wadda ke bayan gidana ita kaɗai ta rage a duniya, ni mace da aka ce ba ta da ta cewa a gidan ubanta.

Ka goge wannan ƙafar daga wasanka.

Yayarka,
Suwaibatu.

Damari,
19 ga Nuwamba.

Gafaru,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ni da yara da Malam Badamasi muna raye, shi ne lafiyar da zan iya faɗa maka. Mas'udu, ƙanin Malam, ya rasu. Allah ya ji ƙansa.

Ranar Litinin bayan la'asar mutanen daji suka shigo mana. Muka kwashi yara muka faɗa cikin kara, ba mu dawo ba sai da gari ya waye. Mas'udu ya tsaya kora shanun nomansa, a ƙofar gari suka harbe shi. Rumbu goma sha ɗaya suka ƙone, har da nawa. Mako guda ke nan da na yanke kaurar na zuba a ciki, ban ko zauna na ware iri ba, ina ta cewa gobe. Da na ga tokar sai na zauna a ƙasa. Ban yi kukan abincin shekara ba, kukan dawar Babanmu na yi, kunya ma ta kama ni, ga gawa a gari ni ina kukan hatsi.

Da hantsi na zaga bayan gida neman akuyata. A reshen tsamiyar nan ta bakin fili sai na hangi abu a rataye. Dami ne ɗan ƙarami, na iri.

Ka tuna yadda Babanmu yake ɗaure iri? Zangarniya bakwai yake zaɓa, cikakku, ya jera kawunansu sama. Sannan ya ɗauko ta takwas ya juya kanta ƙasa ya cusa a tsakiya. Yakan ce bakwai na gona ne, ta takwas ta tsuntsu ce da duk wani mai rai da bai shuka ba. Sai ya naɗe da igiyar rama zagaye uku, ya tura bakin igiyar ta ƙarƙashi, ba ya ƙulli. Mutum uku na sani da suka iya wannan ɗaurin. Babanmu yana kabari. Baba Audi yana Ruwan Godiya. Na ukun Gide ne. Ni kaina na sha gwadawa, kullum warwarewa yake.

Bakwai ne, Gafaru, da ta takwas a juye. Zagaye uku. Kuma ba kwasa aka yi ba, zaɓa aka yi. Babu mai ciwon burtuntuna ko ɗaya, babu wadda tsutsa ta taɓa. Ni da kaina da na zauna da rana tsaka cikin kwanciyar hankali, waɗannan zan ware.

Na ce wanda ya gani ya zo ya faɗa mini, to ga shi na gani da kaina. Yana cikinsu. Yana nan aka ƙone rumbun yayarsa, yana nan aka harbe Mas'udu, ban kuma san hannun wa ya harba ba. Amma kuma cikin harbi da hayaƙi, mutumin nan ya shiga rumbu ya tsaya yana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya, ya nemo igiya, bai kuma manta da rabon tsuntsu ba.

Ka tambaye ni ko akwai abin da ke saura, na ƙi ba ka amsa. Ga amsar a rataye a tsamiya. Da ina da iko da kowa ya ga damin nan da idonsa, tun daga Baba Audi har ita Ikhlas ɗin taka.

Yayarka,
Suwaibatu.

Damari,
22 ga Nuwamba.

Gafaru,

Muna nan dai, ana zaman makoki. A gaida Inna.

Waccan takardar cikin zafin rai na rubuta ta, kada ka ɗauki ƙarshenta da gaske. Maganar damin ta tsaya tsakanina da kai. Ko Malam Badamasi bai sani ba, mutumin da bai gama karɓar gaisuwar ƙaninsa ba. Na ɓoye shi a saman ɗakin girki inda hayaƙi zai tsare shi daga ƙwari. In aka ji yanzu ba wanda zai ga zangarniya, gawar Mas'udu za a gani, kuma ni da bakina na kawo wa Baba Audi shaidar da ya rasa. Zan fito da shi da kaina, a ranar da na zaɓa, bayan zukata sun huce.

Rabo bai sake shigowa ba tun da ya karɓi waccan, an ce hanya ba kyau. Wannan zan ba wani mai kai barkono Funtuwa ya ajiye masa a tasha. Kada ka faɗa wa kowa, ko Inna.

Suwaibatu.

Kankara,
30 ga Nuwamba.

Yaya Suwaiba,

Assalamu alaikum. Takardarki ta sha tara ga wata ta same ni. Allah ya ji ƙan Mas'udu, ya ba Malam Badamasi haƙuri, ya mayar muku da abin da kuka rasa. Inna ta yi kuka, ta ce da hanya ta yi kyau za ta zo da kanta. Mu muna lafiya.

Yaya Suwaiba, ban san sau nawa na karanta labarin damin nan ba. Kin ce da kina da iko da kowa ya gan shi, tun daga Baba Audi har Ikhlas. Ke ba ki da iko daga Damari, amma ni Allah ya ba ni ɗan abin da zan iya, kuma na yi.

Ikhlas na fara karanta wa. Ta ce wannan bai dawo mata da wanta ba, ta tashi ta fita. Bayan kwana biyu ta dawo da zanen damin, ta ajiye mini a tebur. Ga kwafinsa na saka miki cikin takardar nan. Yanzu a wasan, in dodon ya matso, mai wasa yana iya jefar da damin iri a hanya. Igiyar sai ta warware. Dodon sai ya tsaya, ya durƙusa da wannan ƙafar tasa, ya tattara zangarniyoyin ya sake ɗaure su, ya juya ta takwas. Yana cikin haka mai wasa yake samun sarari, ko ya gudu ko ya harbe shi. Ƙafar ban goge ba, ki yi haƙuri, yanzu na ga ita ce gaskiyar abin.

Sai ga Baba Audi jiya ya shigo Kankara sayen magani. Na ce wannan Allah ne ya kawo shi. Na zaunar da shi gaban kwamfuta, shi da bai taɓa kallon irin wannan ba. Da fari yana ta tsaki yana cewa aikin banza. Da dodon ya durƙusa sai ya matso har hularsa na taɓa gilashin. Ya tambaye ni inda na ga wannan ɗaurin. Na ɗauko takardarki na karanta masa daga farko har ƙarshe.

Da na gama sai ya ce, “To. Ashe shina Damari ranar.”

Ya tashi ya tafi, ko furar da Inna ta dama masa bai sha ba. Ni a ganina abin ya taɓa masa zuciya. Ina jin taron nan ba za a yi shi ba. Ki kwantar da hankalinki.

Ƙaninki,
Abdulgafar.

Kankara,
4 ga Disamba.

Yaya Suwaiba,

Ina fatan wannan ta same ki lafiya, ko da yake ban san da wane ido zan tambaye ki lafiya ba.

Yau da safe Rabo ya kawo mini takardarki ta ashirin da biyu ga watan jiya. Kwana goma sha biyu ta yi a teburin mai shayi a tashar Funtuwa. Na karanta ta a bakin shago.

Abin da kike gudu ya riga ya faru, kuma ni na jawo shi. Baba Audi bai fasa taron ba, matso da shi ya yi zuwa Juma'a mai zuwa. Ya aika wa Malam Badamasi cewa ya zo ya ji wanda ke wurin ranar da aka kashe ƙaninsa. Inna ta ce tun da take ba ta ga wauta irin tawa ba, kuma gaskiyarta ne. Na ɗauki kukan da kika yi na maida shi umarni, don ina ɗokin in ga wasana ya yi aiki a kan mutum.

Ki gafarce ni. In kin ce in goge wasan duka, yau zan goge shi. In kin ce in zo Ruwan Godiya in tsaya a bayanki, zan zo. Ki aiko mini ko da layi ɗaya ne.

Abdulgafar.

Kankara,
20 ga Fabrairu.

Yaya Suwaiba,

Ina gaishe ki da yara. Inna ta samu sauƙi, har tana zuwa unguwa.

Sabis ya dawo tun tuni, wayarki na shiga, ba kya ɗauka. Na gane. Shi ya sa na koma wa Rabo. Ba wanda ya yarda ya ba ni labarin taron, abin da na ji kawai kin je.

Wasan yana nan, ban goge ba, ban kuma fitar da shi ba, maganarki nake jira. Masu zama a shago kaɗai ke gwadawa. Yawancinsu dodon na durƙusawa suke harbe shi, har suna cewa wannan ita ce dabara mafi sauƙi. Ikhlas ma haka take yi kullum, ba ta ko jira ya gama tattarawa. Ranar Talata na ga ta tsaya har ya gama ɗaurin, sannan ta juya ta bi wata hanya. Da ta lura ina kallonta sai ta ce kada in kuskura in ce mata komai, ban kuwa ce ba.

Ko zagi ne ki aiko, zan karɓa.

Ƙaninki,
Abdulgafar.

Damari,
14 ga Mayu.

Gafaru,

Wa alaikumus salam, na duk takardun da ban amsa ba. Muna lafiya. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, jiya har an ɗan yi yayyafi. Ka gaida Inna.

Na ga kiranka. Ban ɗauka ba don na san in na ji muryarka zan yafe maka da wuri, ni kuwa ina so fushin ya kai inda zai kai. Ya kai. Kai wawa ne, amma ni na rubuta layin, don haka mu raba.

Ga labarin taron da aka ƙi ba ka. Na je. Maza suna zaure, aka ce mata su tsaya daga ciki. Na ratsa su da damin a hannu na ajiye shi a tabarmar Baba Audi, gaban mijina da kowa. Na ce, “Ban zo in wanke shi ba, Baba. Shina cikinsu, rumbuna ma ya ci wuta. Amma ku dubi wannan da kyau, ku hwaɗa mani ko wanda ya ɗaure shi ya gama mutuwa.”

Baba Audi ya ƙi ko kallon tabarmar. Ya faɗi abin da ya tara mutane don ya faɗa, cewa daga ranar ba su da ɗa mai wannan suna, kuma kada a sake kiransa a gidan. Ya ce in ɗauke wannan abin in sa masa wuta, hannun da ya taɓa shi ba mai tsarki ba ne. Na ɗauka. Na ce masa wuta ɗaya ta ishi dawar ubana, na kuma kira sunan Gide sau biyu kafin in fita, don kada a ce ba a ji ba.

Malam Badamasi ya yi wata uku ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Ya ce ba ya son ganin damin a gidansa, na kai shi ɗakin girkin maƙwabciyata. Ban ga laifinsa ba, ƙaninsa ne a ƙasa. Amma ban ba shi haƙuri a kan abin da ban yi nadama ba.

Sai ga Baba Audi makon shekaranjiya, a kan wannan hanyar tamu da ko matasa ke tsoro, wai ya zo duba Malam. Ya zauna a inuwa ya yi maganar zafi, ya yi maganar taki, ya koma kan irin da suka sayo a kasuwa bara, wai ya yi kara ya ƙi ƙwaya a jar ƙasarsu. Ya ce gonar nan ta gefen rafi ba abin da take karɓa sai kaura. Gonar Gide yake nufi, ashe har yau ba wanda ya yarda ya karɓe ta. Na bar shi yana ta zagaye, ina tsince wake. Daga ƙarshe ya ce ko zangarniya biyu ce in taimaka, kada dawar kakanni ta ƙare a hannunmu.

Na aika aka ɗauko damin, na riƙe shi a cinyata. Na ce, “Baba, wa ya ɗaure wannan?”

Ya ce, “Ɗaurin gidanmu ne, ɗiyata.”

“Na sani. Hannun wa?”

Ya dubi Malam Badamasi, Malam ya dubi ƙasa. Tsohon nan ya daɗe yana murza gemunsa, har na ji tausayinsa, amma ban sassauta ba. Sannan a hankali ya ce, “Gide.”

Na warware na ba shi huɗu, na riƙe uku. Bai janye maganarsa a gaban dangi ba, ban kuma ce ya janye ba tukuna. Amma bakin da ya hana kiran sunan shi ya fara karya dokar, a gaban mijina, kuma bana dawar da Gide ya zaɓa za ta tsaya a gonar Gide. Bayan ya tafi Malam ya ce Allah ya ji ƙan Mas'udu, na ce amin da zuciya ɗaya. Ranar ya ci tuwona har ya nemi ƙari.

Wasanka kada ka goge. Kada kuma ka maida dodon abin tausayi. Ka bar masa faratansa, ya ƙone abin da ya ƙone, ka bar masa ƙafarsa. Wanda ya ga dama ya harba, ni ba zan hana kowa ba. Abu ɗaya za ka gyara. Ka ce wa Ikhlas na gode da zanen, amma zagaye biyu ta yi wa igiyar, uku ne.

Saura ta takwas. Ba ta shuka ba ce, ka san ta wa ce. Na maida ita reshen tsamiyar da na same ta, na ɗaure da igiyar nan irin ɗaurina na ƙulli a kan ƙulli. Malam ya gan ni ina yi, ya wuce abinsa. Kwana tara tana nan tana lilo, ko tsuntsayen ba su kula ta ba.

Yau da safe na zaga, babu ita. Igiyar na nan a reshen, an kwance duk ƙulle-ƙullena, an naɗe ta zagaye uku, an tura bakin ta ƙarƙashi. Na tsaya ina kallo, tsoro da murna duka a tare, don ban san abin da ya kawo shi kusa haka ba. Amma na san tsuntsu bai iya ɗaurin gidanmu ba.

Wannan karon ka riƙe bakinka, Gafaru. Ni zan faɗa, a ranar da na zaɓa.

Suwaibatu,
yayar Gide.